Yadda ake tafiyar da manyan motocin kaya da na haya a duniya: abin da ya canza, da abin da ya iso gare mu

Jama'a, mai mota ɗaya ya san motarsa ciki da waje. Ya san ƙarar injinta, ya san ranar da aka canza mai, ya san tayar da ta fara ci. Amma in motocin suka kai goma, ko ɗari, ko dubu, kai ɗaya ba ya iya riƙe su. Daga nan ne aikin ke zama sana'a mai zaman kanta: a san ina kowace mota take, wa ke tuƙa ta, nawa ta sha, nawa ta kawo, yaushe za ta shiga gareji, yaushe kuma ya kamata a sayar da ita tun ba ta fara cin kuɗin mai gida ba. A ƙasashen da suka yi nisa akwai mutanen da wannan ne kaɗai aikinsu. Ku ɗauke su kamar makiyayi da garke, sai dai garken na ƙarfe ne.

Cikin shekaru ashirin da suka wuce sana'ar ta sauya kama. Da littafi ne da biro da amanar direba. Yanzu mota da kanta ke ba da labarin abin da ta yi. Sai dai dalilin da ya sa aka kai ga haka ba ɗaya ba ne a ko'ina: wani wuri doka ce ta tilasta, wani wuri ɓarayi ne, wani wuri kuma ƴan duwan.

Akwatin da ke ba da labari

Tushen komai wata ƴar na'ura ce da ba ta fi tafin hannu ba. Ana ɗaura ta a mota, ta karɓi bayanin wurin da take daga taurarin ɗan adam, wato abin nan da ake kira GPS, ta aika ta layin wayar salula zuwa ofis. Ta farko-farko wuri kaɗai take nunawa. Ta yanzu ana haɗa ta da kwamfutar injin, sai ta faɗi gudun da ake yi, da yawan taka birki da ƙarfi, da tsawon lokacin da mota ta tsaya injin na aiki a banza, da zafin injin. In aka sa ma'auni cikin tanki, to ko lita goma aka zuƙe da tiyo cikin dare za a gani, har da wurin da aka yi da ƙarfe nawa ne. Wasu kuma sun ƙara kyamara biyu, ɗaya na kallon hanya, ɗaya na kallon fuskar direba, in ya fara gyangyaɗi ko ya ɗauki waya ta yi masa ƙara.

Kamfanonin da ke sayar da wannan hidima sun yi ƙarfi: Geotab na Kanada, Samsara na Amurka, Webfleet a Turai, Cartrack a Afirka ta Kudu. Don ku gane darajar abin, kamfanin taya Bridgestone ya sayi Webfleet, wanda a lokacin ake kira TomTom Telematics, a 2019 kan yuro miliyan 910. Mai yin taya ya ga cewa sanin yadda ake amfani da tayar ya kusa fin tayar kanta kuɗi. Galibi ba na'urar ake saye a wuce wurin ba, biya ake yi duk wata a kan kowace mota, kamar yadda kuke sa kuɗi a waya.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce babbar mota na shan lita 40 na gazuwal a kilomita 100. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, wato lita 360 ke nan zuwa kaɗai. In gyaran tuƙi da toshe ɓarna suka rage kashi goma cikin ɗari, an tsira da lita 36 a tafiya guda. Ku ninka da tafiye-tafiyen shekara, ku sake ninkawa da motoci hamsin. Nan ne ribar take, ba a kallon ɗigo yana tafiya kan taswira ba.

Turai da Amurka: agogon doka

A Tarayyar Turai ba mai mota ne ya fara sa ido kan direba ba, hukuma ce. Kowace babbar mota dole ta ɗauki na'urar da ake kira takogiraf, mai rubuta lokacin tuƙi da lokacin hutu da gudu. Direbobin Faransa suna yi mata laƙabi da mushar, wato mai kai tsegumi, kuma sunan ya dace. Da faifan takarda ne mai zagaye ake sa mata. Daga 2006 sababbin motoci suka koma ta lantarki, kowane direba da katinsa mai ɗauke da sunansa. Daga 2019 aka fito da wadda ke haɗe da tauraron ɗan adam, har jami'i na iya karanta wasu bayananta daga bakin hanya ba tare da ya tsayar da motar ba.

Dokar kanta ga ta: direba ba zai wuce awa 9 yana tuƙi a rana ba, sai dai sau biyu a mako an yarda ya kai 10. In ya yi awa huɗu da rabi dole ya huta minti 45. A mako ba zai wuce awa 56 ba, a mako biyu jere kuma awa 90. Ita motar an ɗaure ta, ba ta wuce kilomita 90 a awa ko da direba ya danne ta har ƙasa. Daga 1 ga Yulin 2026 dokar takogiraf ta haɗa har da ƙananan motocin kaya masu nauyin tan biyu da rabi zuwa uku da rabi in suna tsallaka iyaka. ƴan uwanmu da ke aikin kai kaya a Beljiyam da Faransa da Jamus, wannan ya shafe ku kai tsaye.

Amurka ta daɗe tana barin direba ya cika littafin awoyinsa da hannu, kuma kowa ya san ana gyara littafin. A Disamban 2017 aka wajabta na'urar lantarki mai haɗe da injin. Can direba na da awa 11 na tuƙi cikin awa 14 na aiki, bayan ya huta awa 10. Direbobi masu zaman kansu sun yi ta ƙorafi, don da yawansu kan kilomita ake biyansu. In suka ɓata awa huɗu suna jiran a sauke kaya, agogon na ci, aljihu kuma ba ya samun komai. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa kwana a layin tashar jirgin ruwa ya san ɗacinsa.

Abin da ya biyo baya shi ne, tunda doka ta riga ta sa na'ura a kowace mota, sai masu motoci suka ce bari mu ci moriyarta. Da ita suke tsara gyara tun kafin mota ta tsaya a hanya, da ita suke neman sauƙin kuɗin inshora, da ita suke kare kansu a kotu in an yi hatsari.

Inda ɓarawo da ɗan duwan suka kawo ta

Birazil labarinta daban. Fashin kaya a kan hanya ya yi yawa, musamman a kewayen Sawo Pawulo da Riyo, har kamfanonin inshora suka sa sharaɗi: in kaya masu tsada ne, ba za su rufe su ba sai mota na da na'urar bibiya, an tantance direban, an kuma tsayar da hanyar da zai bi da wuraren da zai tsaya. In mota ta kauce, ofis na iya toshe mata mai daga nesa. Afirka ta Kudu ma satar motoci ce ta haifi kamfanoni irin su Netstar da Tracker tun cikin shekarun 1990, shi ya sa ƙasar ta riga ƙasashe masu arziki da yawa sabawa da wannan aiki.

A gabashin Afirka kuwa hukumomin duwan ne. Kayan da aka sauke a Mombasa da sunan za su Uganda ko Ruwanda ba sa biyan kuɗin shiga Kenya, sai wasu su karkatar da su a hanya su sayar. A 2017 ƙasashen uku suka haɗa tsari ɗaya: ana maƙala wa kwantena kwaɗo na lantarki tun daga tashar jirgin ruwa, ana bin ta daga ɗakunan sa ido har ta isa. In an taɓa kwaɗon ko mota ta daɗe tsaye inda bai kamata ba, ana tura jami'ai. Wannan misali ya fi kowanne kama da halin ƙasarmu, tunda mu ma ba mu da teku.

Indiya ta bi ta hanyar takardu da kuɗin hanya. A 2017 ta haɗe harajin kaya ya zama ɗaya a ƙasa duka, aka ɗauke shingayen da ke tsakanin jihohi inda motoci kan yi dogon layi. A 2018 takardar rakiyar kaya ta koma ta intanet. A 2021 aka wajabta wani ɗan tambari mai suna FASTag da ake liƙawa a gilashi, mota ta wuce shingen biyan kuɗin hanya a cire kuɗin daga asusu ba tare da an miƙa hannu ba.

Komawa wayam

Babban ciwon kan mai mota a ko'ina shi ne dawowa ba kaya. Ko a Turai, da duk tsarinsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kilomitocin da manyan motoci ke yi, wayam suke yin su. Man an ƙona, taya ta ci, direba ya gaji, ba wanda ya biya.

Saboda haka aka yi ta kafa kamfanonin da ke haɗa mai kaya da mai mota ta waya, aikin da ɗan kamasho ke yi a tasha tun kaka da kakanni. Uber Freight ya fara a Amurka a 2017, BlackBuck a Indiya, Lori Systems a Kenya, Kobo360 a Najeriya. Masu zuba jari sun zuba musu kuɗi sosai. Amma abin bai zo da sauƙin da aka zata ba. Convoy, ɗaya daga cikin manyansu a Amurka, ya rufe a Oktoban 2023 da kuɗin dakon kaya ya faɗi. A Afirka matsalar ta fi kaifi: direba na son kuɗin mai a hannu kafin ya tayar da mota, babban kamfanin da ke da kayan kuma sai bayan wata biyu ko uku zai biya. Wanda ya tsaya a tsakiya shi zai cike ramin daga aljihunsa. A ganina ɗan kamashon tasha bai kusa rasa aikinsa ba, don shi ya san wane direba ne za a ba amanar albasar Galmi ya kai ta Kumasi kafin ta fara ruɓa, waya kuwa ba ta san wannan ba.

Inda kwamfuta ta yi tasiri ba gardama shi ne tsara hanya a cikin gari. Kamfanin kai saƙo UPS na Amurka yana da tsari mai suna ORION da ke jera wa direba gidajen da zai bi. Sananne ne cewa motocinsu na kauce wa juyawa hagu in da hali, don a ƙasar da ake tuƙi ta dama mai juyawa hagu sai ya tsaya jiran masu zuwa, ya ƙona mai, ga haɗari. Ƙaramin abu ne, amma motocin dubbai ne.

Saye ko haya

A Turai da Amurka kamfanoni da yawa sun daina sayen mota. Haya suke yi ta shekara uku zuwa biyar daga irin su Ryder da Penske a Amurka, ko Ayvens a Turai, wanda aka samu a 2023 bayan ALD ya sayi LeasePlan. Kuɗin wata ya haɗa da gyara, wani lokaci har da inshora. Michelin ma yana da tsarin da mai motoci ba ya sayen taya, kilomitan da ta yi yake biya. In wa'adi ya cika a mayar da motar a ɗauko sabuwa. Ita tsohuwar sai ta shiga kasuwar na hannu, ta yi wasu shekaru a gabashin Turai, daga nan ta hau jirgin ruwa. DAF da Renault da Mercedes ɗin da kuke gani a hanyar Ƙonni da Maraɗi, da yawansu ta wannan ƙofa suka fito.

Gazuwal, iskar gas, lantarki

Nan ne aka fi yin surutu, kuma nan ne ƙasashe suka fi bambanta. Sin ce a gaba nesa ba kusa ba. Birnin Shenzhen ya mayar da motocin bas ɗinsa duka, sama da 16,000, na lantarki tun ƙarshen 2017. A manyan motocin kaya kuma sun ɓullo da dabarar canza batir: maimakon a tsaya awoyi ana caji, mota ta shiga tasha, inji ya ɗauke batirin da ya ƙare ya ɗora cikakke cikin ƴan mintoci. Wannan ya fi aiki a ma'adinai da tashoshin jiragen ruwa da masana'antun ƙarfe, inda mota ke kai da komo a gajeriyar hanya ɗaya.

Tarayyar Turai doka ta kafa wa masu ƙera motoci a 2024: hayaƙin sababbin manyan motoci ya ragu da kashi 45 cikin ɗari kafin 2030, kashi 65 a 2035, kashi 90 a 2040, in an kwatanta da na 2019. Jamus kuma tun Disamban 2023 ta ƙara kuɗin hayaƙi cikin kuɗin hanyar da manyan motoci ke biya. A Amurka ƙananan motocin kai saƙo ne suka fi saurin sauyawa. Amazon ya yi odar 100,000 daga Rivian a 2019. Dogon zango kuwa har yanzu gazuwal ne sarki, don batirin da zai kai tirela nesa nauyinsa na cinye wurin kaya, ga tsada, ga ƙarancin wurin caji.

A nahiyarmu motocin bas da babura ne suka fara. Dakar ta buɗe layin bas na lantarki a 2024. A Nairobi kamfanin BasiGo na ba masu haya bas su riƙa biya gwargwadon kilomitan da suka yi. Najeriya kuwa iskar gas ta fuskanta bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, kuma a 2025 matatar Dangote ta sanar da motoci 4,000 masu aiki da gas don rarraba man da take tacewa. Kun ga abin dariya a nan: motar da ke dakon mai ba ta shan man.

Ba direbobi

Ƙasashe masu arziki na da motoci, matuƙa ne babu. Ƙungiyar masu sufurin hanya ta duniya, IRU, ta ƙiyasta a 2023 cewa guraben direbobin manyan motoci sama da miliyan uku ba kowa a cikinsu a ƙasashen da ta bincika. Tsofaffi na ritaya, matasa ba sa son kwana a hanya. A Satumban 2021 gidajen mai da yawa a Ingila sun bushe, ba don babu mai a ƙasar ba, don babu masu tuƙa tankoki. Japan ta iyakance aikin ƙarin lokaci na direba zuwa awa 960 a shekara daga Afrilun 2024, kamfanoni suka shiga haɗa kayansu a mota ɗaya ko da abokan gasa ne.

Motar da ke tuƙa kanta ta fara aiki, amma a keɓaɓɓun wurare. A ma'adinan ƙarfe na yammacin Ostareliya an daɗe ana amfani da ita. A 2025 kamfanin Aurora ya fara kai kaya tsakanin Dallas da Houston a jihar Texas da tirela mai tuƙa kanta. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya mai alamu, ba jaki, ba amalanke, ba rami.

Matashin da ke sauraronmu yana tunanin tafiya tuƙi Turai ya sani lasisin nan gida kaɗai ba ya isa. Sai an samu lasisin can na babbar mota, da shaidar horon sana'a da ake sabuntawa duk shekara biyar, da katin takogiraf, ga kuma takardar izinin aiki. Duk wanda ya ce zai sama maka aikin ba tare da waɗannan ba, kuɗinka yake so.

Abin da ya iso gare mu

Na farko, irin motar da ake samu a kasuwar na hannu ta canza. Manyan motocin da aka sayar a Turai daga 2014 na matakin Euro 6 ne. Suna son gazuwal mai tsabta ƙwarai, da wani ruwa mai suna AdBlue da ake zubawa a tanki na daban. In ruwan ya ƙare kwamfutar motar da kanta ke rage mata ƙarfi. In aka sha ba ta man bakin hanya mai datti, matatar hayaƙin ta toshe, gyaran kuma sai makanikin da ke da na'urar karanta kwamfuta. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu motoci da dama a yankinmu suka karkata ga sababbin motocin Sin irin su HOWO da Shacman, masu sauƙin kuɗi da sauƙin kayan gyara. Mai niyyar saye, ko ɗan uwa a ƙetare mai son turo mota gida, ya tambayi matakin injin tun kafin ya tambayi farashi.

Na biyu, lodi. A Turai tirela mai tsallaka iyaka galibi ba ta wuce tan 40 gaba ɗaya, a Amurka kusan tan 36. Ƙasashen UEMOA, har da Nijar, suna da doka mai lamba 14 tun 2005, wadda ta tsayar da tan 51 ga tirela mai gatari shida, amma aiki da ita ya sha jan ƙafa. Injiniyoyin hanya sun daɗe da gano cewa in aka ninka nauyin da ke kan gatari ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta kan ninku kusan sau 16. Mai mota na lodin wuce kima don ya fanshe kwanakin da ya ɓata da dawowar da zai yi wayam, hanya ta farfashe, sai shi ɗin dai ya biya a taya da sifirin.

Na uku, jira. Hanyar Kwatano zuwa Yamai ta Gaya, kilomita dubu da ɗan wani abu, ita ce ta saba ɗaukar mafi yawan kayan ƙasar nan. Tun da aka rufe iyakar a 2023 kaya da yawa suka koma ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanya mai tsawo, inda motoci ke taruwa su jira rakiyar sojoji su tafi ayari guda. Motar da ta yi makonni tsaye ba ta shan mai, amma bashin banki na tafiya, direba da yaron mota na ci, kuɗin ajiyar kwantena na hawa. Na'urar bibiya ba ta buɗe iyaka. Abin da take iya yi shi ne ta rubuta kwana nawa aka yi a kowane wuri, ta yadda in mai mota ya zauna ciniki da mai kaya, ko ƙungiyar masu sufuri ta je gaban hukuma, da lambobi za su je. A arewacin hanyoyinmu kuma, wajen Agadas, akwai dogayen wurare da layin waya ba ya kaiwa. Na'ura mai kyau tana ajiye bayanin a cikinta ta aika in ta samu layi, mai arha kuwa sai ta bar giɓi, don haka a tambayi mai sayarwa wace iri ce kafin a biya kuɗin wata na farko.